Kande da Bajon 'Yan Mabuɗi

Shekara takwas na yi ina buga wa 'Yan Mabuɗi ƙwallo, lamba uku a bayana, bajon kulob a ƙirjina, amma ban san fuskar matar da take ɗinka bajon nan ba sai da furfura ta fara cin gemuna. Sunanta Kande, matar Mamman Gola, mutumin da ya kafa kulob ɗin. Abin da muka sani kawai, duk farkon kakar wasa Mamman zai fito daga lungunsu na Ƙofar Na'isa da riguna a kafaɗa, ya rarraba mana, ya ce, "Daga cikin gida." Mu kuma mu ce, "A gaida cikin gida." Abin da zan faɗa a nan, rabi da idona na gani, rabi kuma ita ta gaya min daga baya a zauren gidana.

'Yar Madabo ce. Matan gidansu ɗinkin hula suka gada, ita kuma tun kafin ta yi sauka hularta ta fara shiga kasuwar Kurmi. Da ta auri Mamman, mai gyaran keke a bakin titi, da allurarta da kwandon zarenta ta tare.

A 1963 Mamman da abokansa suka gaji da buga ƙwallo tsirara daga wuya zuwa cibiya, alhali 'yan Sabon Gari na zuwa da riguna iri ɗaya. Suka sayi fararen singileti, suka kai marinar Ƙofar Mata aka rine su shuɗi. Mamman ya shigo gida da su ya zube a gabanta.

"Kande, kulob ba ya zama kulob sai da tambari. Waɗancan zaki ne a ƙirjinsu."

"Ni ban taɓa ganin zaki ba, Malam. Ta yaya zan ɗinka abin da ban sani ba?"

"To ɗinka abin da kika sani."

"Kai mene ne aikinka a filin?"

"Gida nake tsarewa. In na tsaya a ƙofa ba mai shiga."

Sai ta kwance mabuɗin akwatinta daga haɓar zani, ta ɗora a kan ƙyallen farin yadi, ta zagaye shi da gawayi. Mabuɗin haƙora uku gare shi, na tsakiyar ya ɗan guntule. Yadda yake haka ta ɗinka shi, har da giɓin. Daga nan 'yan kallo suka laƙaba mana suna, har sunan da aka rubuta a takardar rajista ya ɓace a bakin mutane.

Tambarin bai zauna yadda ya fara ba. A shekara ta biyu ta kewaye mabuɗin da siffar ƙofar gari. A 1968 ta yi wa bajon baki da baƙin zare, saboda Yahya mai buga gaba ya shiga soja ya tafi yaƙi bai dawo ba. A 1972 da muka ci kofin unguwanni ta ƙara tauraro ɗaya a sama, da zaren siliki ruwan ɗorawa. Wata shekarar ta sauya launin ƙofar, wata shekarar ta rage girman mabuɗin don Mamman ya ce bajon yana goge wa 'yan wasa ƙirji. Kuma kowace shekara takan ƙara ƙulli ɗaya a gindin bajon, ƙanana kamar ƙwayar gero. Wanda ya san sirrin, da yatsa zai shafa ya gaya maka shekarar. Mu da muke sawa ba wanda ya taɓa lura.

Duk kakar wasa takan ɗinka ɗaya fiye da adadin 'yan wasa, ta ajiye wa kanta a gwangwanin alewa. Ba ta taɓa ganin wasanmu ba ko sau ɗaya. Mamman ne yake dawowa ya ba ta labari, yana tashi yana zama a tsakar gida, yana nuna mata yadda ya cafke ƙwallo. Sauran kuma a jikin riguna take karantawa idan an kawo mata ɗinkin yaga. Ta ce min tun a lokacin ta san mai lamba uku ta gefen hagu yake faɗuwa, don nan ne rigarsa take fara ƙoƙewa.

A ƙarshen 1978 soja suka ce za su koma bariki, aka buɗe siyasa. Gari ya ɗauki zafi. Sai ga ɗaya daga cikin jam'iyyun da suka fi ƙarfi a Kano ta ɗauki mabuɗi a matsayin alamarta. Ba ruwanmu da su, mun riga su da shekara goma sha biyar, amma wa zai tsaya ya saurari wannan? Muka je wasa Fagge, rabin 'yan kallo suna yi mana kirarin jam'iyya, rabi suna jifanmu da ɓawon rake. Mai busa wasan ma sai da ya tambayi kyaftin ɗinmu ko ƙwallo muka zo ko kamfe.

Uban ƙungiyarmu a lokacin Alhaji Jibrin ne, mai kantin yadi a Kwari. Shi ke saya mana takalma, motarsa ke kai mu wasan waje. Kuma shi ya fito takarar majalisar jiha a jam'iyyar da take adawa da masu mabuɗin. Wata Juma'a bayan la'asar ya tara mu a zaurensa. Bai yi kwana-kwana ba.

"Ba zan sayi riga in manna mata tutar abokan gabana ba. A cire mabuɗin nan. Na sa an bugo muku sabon tambari daga Ikko, mikiya ce."

Mamman ya ce, "Alhaji, mabuɗin akwatin matata ne. Ba shi da jam'iyya."

Aka kwashe da dariya. Alhaji Jibrin ma ya yi dariya, ya ce, "To ai shi ke nan, sai a mayar mata da abinta ta kulle akwati."

Aka ce a ɗaga hannu. Mutum goma sha huɗu suka goyi bayan Alhaji, biyar suka tsaya da Mamman. Ina cikin sha huɗun. Lokacin ina koyarwa a wani ƙauye, kullum sai na tuƙa keke mil goma sha ɗaya, Alhaji kuma ya yi min alkawarin zai sa baki a dawo da ni makarantar cikin gari. Hannuna ya tashi, idona yana kan tabarma.

Mamman ya kwashi rigunan ya kai gida. Kande ta ɗauki reza ta zauna a gindin turmi tana farke bajon ɗaya bayan ɗaya. Ta ce min, "Kowanne kwana uku nake yi a kansa. Farke shi kuwa, kafin ruwan shayi ya tafasa na gama." Ta zuba su a gwangwanin tare da nata na ajiya.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Labari ya kai kunnen samarin jam'iyyar masu mabuɗin, suka zo wurin Mamman a rumfar gyaran kekensa, suna ta zuga shi. An wulaƙanta ka, mu ne naka, ba mu bajon mu sa a ƙirji gobe wurin taro duniya ta gani. Zuciya ta ɗebe shi. Ranar Kande ta tafi suna Madabo. Ya shiga ɗakinta ya ɗauko gwangwanin ɗungurungum ya miƙa musu, har da na shekara goma sha shida da take tarawa.

Washegari ayarin jam'iyyun biyu suka yi kiciɓis kusa da Ɗan Agundi. Aka ba hammata iska, aka fasa kawuna. 'Yan sanda suka tsinci bajo a ƙasa da jikin waɗanda aka kama, suka bi sawu har rumfar Mamman. Kwana goma sha biyu ya yi a tsare. Samarin da suka ce su ne nasa ba wanda ya leƙa shi. Mu ma ba mu je ba, muna tsoron kada Alhaji ya ji.

Da ya fito bai ƙara taka fili ba. Na tambaye ta me ta ce masa a kan gwangwanin. Ta ce, "Me zan ce? Na ga yadda ya dawo. Sai dai shi ne kullum in zai fita sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, Kande ki yafe min. In ce na yafe. Gobe ya sake." Tari ya kama shi tun daga inda aka tsare shi, ya yi ta fama har ya rasu a 1984.

Mikiyar Ikko kuwa wankin farko ta fara ɓarewa, wanki na uku ta zama kamar kaza da aka fige. Alhaji Jibrin ya faɗi zaɓe, ya ce 'yan ƙwallo ba su kawo masa ƙuri'a ko ɗaya ba, ya janye motarsa. Kafin damina ta zagayo kulob ya watse. Ni dai an dawo da ni cikin gari.

Shekara goma sha takwas bayan haka, wata safiyar Asabar, aka ce wata dattijuwa tana sallama da ni a zaure. Na fito na tarar da mace siririya, baƙa, da tabarau mai kauri da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare.

"Kai ne Malam Ashafa mai lamba uku?"

Na ce ni ne.

"Ni ce cikin gidan Mamman."

Na durƙusa ban san na durƙusa ba. Muka gaisa. Ta kwance wani ƙullin ƙyalle ta nuna min bajo guda, ya koɗe, bakinsa baƙi. Ta ce a kasuwar Rimi ta gan shi, an yi wa wani ɗan dako faci da shi a kafaɗar riga. Ta bi mutumin har inda ya sauke kaya. Shi bai san ko mene ne ba, a gwanjo ya sayi rigar. Ta ba shi sabuwar hula ya bar ta ta farke.

"Shafa nan," in ji ta. "Ƙulli shida. Shekarar Yahya ce. Tun da na same shi na kasa zama. Na ce waɗanda ke jikin tsofaffin rigunanku ai ba su shiga gwangwani ba. Ko kana da naka?"

Ina da shi, rigar shekarar kofi, a ƙasan akwati. Na ɗauko. Kafin in miƙa mata na ce, "Yaya Kande, akwai abin da ya kamata ki sani. Ranar da aka ɗaga hannu..."

"Na sani. Mamman ya lissafo min ku ɗaya bayan ɗaya. Kai ne na tara." Ta karɓi rigar ta juya ta, ta duba gefen hagu. "Ba shari'a na zo ba, Malam. Ba ni reza."

Daga ranar na shiga aikin. Na rubuta sunan duk wanda ya taɓa buga mana, na yi ta cigiyar inda suke. Ita ke zuwa da ƙafarta, don ta ce mace ce za ta iya shiga har ƙuryar ɗaki inda ake jibge tsummokara. Wani gidan ta tarar an naɗe bajon ana sauke tukunya da shi. Wani an ɗinke shi a bakin matashin kai. A Wudil ta sami na shekara ta biyu wurin wani tsohon ɗan bayanmu da ya makance, ya ƙi bayarwa sai da ta zauna ya ba ta labarin wasa guda tun daga busa har tashi. Wata bazawara a Ɗorayi ta kore ta, wai ba a neman tsumman mamaci sai da wata manufa. Cikin shekara biyu ta haɗa goma sha ɗaya daga cikin sha shida. Na farkon, mai mabuɗi zalla ba ƙofa, ko labarinsa ba mu ji ba. Ta wanke su da sabulun salo, ta jera su a kan farin ƙyalle, inda babu ta bar gurbinsa.

Sai 1999 ta zo, soja suka sake miƙa mulki. Isyaku, ɗan marigayi Alhaji Jibrin, ya ci kujerar da ta gagari ubansa, ya zama Honorabul. Yanzu mabuɗi ba ya tsone wa kowa ido. Ya ce zai farfaɗo da 'Yan Mabuɗi don matasa su bar zaman banza, ya kafa kwamitin dattawa, ya sa ni a ciki. A zaman farko ana ta kukan babu ko hoto na tsohon tambari, sai bakina ya suɓuce. Na ce akwai wadda take da su. Wallahi da kyakkyawar niyya na faɗa, ina ganin lokaci ya yi da za a san ta.

Honorabul ya zo gidanta da kansa, motoci uku a bakin lungu. Ya cire takalmi, ya tsuguna har ƙasa.

"Baba Kande, aro muka zo. Kwana uku kacal. A sa su a gilashi jama'a su gani ranar buɗe kulob, a dawo miki da abinki."

Ta dube ni. Na gyaɗa kai.

"To, ɗan nan. Amma ina da roƙo. Ban taɓa ganin an buga ƙwallo da rigar nan ba. Ina so in gani."

"Haba Baba, ai ke ce babbar baƙuwa! Mota za ta zo ta ɗauke ki bayan azahar."

Ranar, 'yarta 'Yardada ta ɗaura mata sabuwar atamfa. Ta zauna a zaure tun azahar. Ta yi la'asar a nan, ta koma ta zauna. Motar ba ta zo ba.

Ni ina can kan babban tebur. Aka yaye ƙyalle, ga bajon Kande goma sha ɗaya a cikin gilashi mai bakin zinariya. An matse su wuri guda don kada gurbi ya fito, an sa na 1975 kafin na 1966. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa tambarin da marigayi Alhaji Jibrin ya zana da hannunsa ke nan a 1963. Mai gabatarwa ya yi bayani wai mabuɗin kantinsa na farko ne. Aka yi tafi. Sabbin rigunan da aka bugo a inji an gyara wa mabuɗin haƙorinsa, wai wancan kuskuren tela ne. Aka miƙo min makirufo in yi magana a madadin tsofaffin 'yan wasa. Na dubi Honorabul, na dubi 'yan jagaliyarsa da suka kewaye rumfar. Na yi godiya, na yi wa marigayi addu'a, na zauna. Aka ba ni hula da agogon bango.

Sai bayan kwana biyu na iya zuwa gidanta. Na ce motar ce ta lalace. Ta ce, "Allah ya kyauta. An ci ko an sha kashi?" Na ce an ci biyu da nema. Maganar rubutun ban faɗa ba, amma 'Yardada ta riga ta ji a rediyo ta gaya mata.

"Ba komai," in ji ta. "Su riƙe sunan. A dawo min da kayana."

Kwana uku suka zama wata uku. Na yi ta sintiri gidan Honorabul. Yau yana mitin, gobe ya yi tafiya, jibi yana hutawa. Zuwa na bakwai na samu shiga. Ga gilashin can rataye a falo, saman talabijin.

"Malam Ashafa, ka fi kowa sanin darajar tarihi," in ji shi. "Wannan kayan al'umma ne yanzu. A ɗakin tsohuwa ɓera ne zai cinye su. Ka ce mata za mu zo mu gaishe ta da salla."

Na ce amana ce, ni na tsaya mata. Ya dubi agogo. Wani ƙato ya zo ya tsaya a kaina har na miƙe.

Sabon kulob ɗin kaka ɗaya ya buga. Da aka gama ɗaukar hotuna aka daina sayen ƙwallo, yaran suka watse. Bayan wani lokaci Honorabul ya tashi daga cikin gari ya koma sabon gida a Nasarawa, aka sayar da tsohon. Na tambayi masu kwashe kayan, ba wanda ya tuna da wani gilashi.

Na taɓa ce mata ko za ta sake ɗinka su, tunda duk suna kanta, ni zan sayo yadi da zare. Lokacin idon ya yi nisa, sai 'Yardada ta zura mata zare a allura, ko an zura ɗin ma ba ta ganin inda za ta soka.

"Ko da idon, Malam, me zan yi da sabo? Waɗancan an yi gumi a cikinsu. Ka bar maganar nan."

Ba ta ƙara tayar da ita ba, ni ma haka. Nakan je gaishe ta ranar Juma'a, mu yi hirar tsadar gero da ciwon gwiwa. Ta rasu a daminar 2002, bayan zazzaɓin kwana huɗu.

Mu huɗu ne tsofaffin 'yan wasa a wurin zaman makoki. Muka yi addu'a, muka shafa. Can wani ya tuno wasan ƙarshe na shekarar kofi, ya ce shi ya ba da ƙwallon da aka ci. Na kusa da shi ya ce ƙarya ne, daga kwana aka bugo ta. Murya ta fara tashi, har 'Yardada ta aiko daga ciki a ce mana mu sassauta, akwai masu karatu. Muka yi ƙasa da murya, amma ba mu bari ba. Har aka kira la'asar muna musu, ni ma ina ciki, ina rantsuwa cewa daga ƙafata ƙwallon nan ta fito.